Buɗaɗɗiyar wasiƙa ga hukumomin ilimi na Filifin: ku bar malamar ta fara yin binciken da hannunta

Zuwa ga Sakataren Ilimi na ƙasar Filifin, da shugabannin Cibiyar Ilimin Kimiyya da ke ƙarƙashin Ma'aikatar Kimiyya da Fasaha, DOST.

Ranku ya daɗe,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kuna lafiya, ku da iyalanku da ma'aikatanku. Ni tsohuwar malamar kimiyya ce a Kano, na ajiye alli bayan shekara 35 a aji. Za ku yi mamakin abin da ya haɗa ni da makarantunku har nake rubuto muku, da Hausa ma kuwa. Bashi ne ya haɗa mu. Wadda ta koya mini kimiyya 'yar ƙasarku ce, tana cikin malaman da suka zo arewacin Najeriya a shekarun 1970 da 1980, lokacin da aka yi ta buɗe makarantu malamai ba su isa ba. Da naira ta karye a tsakiyar shekarun 1980 yawancinsu suka tattara suka tafi, ita ma ta bi, ko adireshi ban karɓa ba don ƙuruciya. Na san mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Amma wanda ya taɓa fakewa a ɗakin, in ya ga ɗigo, ai ba laifi ya nuna.

Muna aji huɗu a makarantar 'yan mata ta kwana ta ba mu aiki. Kowace ɗaliba ta samo gwangwanin madara biyar, ta huda gindinsu, ta cika da ƙasa, ta shuka wake goma-goma. Na farko ruwa zalla za a riƙa ba shi, sauran kuma ruwan gishiri, kowane ya ɗara na bayansa gishiri. Kullum da safe kafin a kaɗa ƙararrawa sai mu je barandar ɗakin gwaje-gwaje mu ƙirga waɗanda suka tsiro, mu auna tsayinsu da rula. Nawa sai suka ƙi bin littafi. Gwangwani na uku, wanda ya kamata ya kasa na biyu, shi ya fi tsiro: bakwai gare shi, na biyu kuwa shida. Ni kuma ina so layin da zan zana ya sauko sumul, sai na goge bakwai na rubuta biyar.

Ta karɓi littafina ta daɗe tana kallo. Ita dama ba ta duka, ba ta kuma ɗaga murya. Ta ɗaga shafin saitin taga, inda gogewa ta sa takardar ta yi shara-shara, ta tambaye ni me ke wurin kafin biyar ɗin. Na faɗa, ina jiran faɗa. Sai kawai ta ce in kai ta inda na ajiye gwangwanin. Ashe 'yan'uwansa huɗu suna can cikin baranda, shi kuwa yana bakin indararo, ruwan sama na kwana biyu ya wanke masa gishirin tas. Ta sa na sake aikin daga farko, mako uku cur, wannan karon gwangwani uku-uku ga kowane ma'aunin gishiri, duka a wuri ɗaya. Daga baya na ji cewa kafin ta zo Najeriya ta yi shekara biyu tana awon shinkafa a wata gonar gwaji a ƙasarku. Ta sha ganin lambar da ta kauce, shi ya sa da ta ga tawa ba ta tsaya kan ƙaryata ba, ta tafi neman dalili.

Wannan malama nake tunawa duk lokacin da na ji ana maganar horar da malamai mata su zama jagororin binciken ɗalibai a Filifin. Niyyar mai kyau ce, kuma dole ce ma, domin ku da kanku kuka ɗora musu aikin. Dokar da Shugaba Benigno Aquino na Uku ya sa wa hannu a 2013 ta ƙara shekara biyu a sakandare, aji 11 da 12, aka fara su a 2016, kuma cikin darussan har da na bincike, wanda ɗalibi zai zaɓi matsala ya tattara bayanai ya rubuta ya kare a gaban malamai. Ga kuma gasar kimiyya da ake farawa daga makaranta, a hau shiyya, a hau yanki, a kai ta ƙasa, waɗanda suka yi fice su wuce babbar gasar ISEF a Amurka. Kowane ɗayan waɗannan ayyuka akwai sunan malami a kai a matsayin mai ba da shawara, kuma a makarantunku mafi yawan malamai mata ne.

Tambayar ita ce, wa ya koya wa ita malamar? Hukumar da majalisarku ta kafa a 2022 don duba harkar ilimi, EDCOM 2, wadda shi kansa Sakatare Sonny Angara yana cikinta kafin ya karɓi ma'aikatar a Yulin 2024, ta bayyana cewa kashi 62 cikin 100 na malaman sakandare suna koyar da darasin da ba shi suka karanta a jami'a ba. Ke nan matar da ta karanta bayoloji za ta iya tsintar kanta tana koyar da fiziks, sannan a miƙa mata rukunin yara masu son ƙera na'urar auna ambaliya a ce ta jagorance su. A jarrabawar PISA ta 'yan shekara 15, yaranku sun sami maki 357 a kimiyya a 2018, suka sami 356 a 2022, alhali matsakaicin ƙasashen ƙungiyar OECD, waɗanda yawancinsu masu arziki ne, 485 ne. Ban kawo wannan don gori ba, mu nan ko shiga jarrabawar ba mu yi. Na kawo ne don irin tambayoyin da ake yi a ciki: a ba yaro sakamakon gwaji a ce ya faɗi abin da yake nunawa da abin da bai nuna ba. Wannan kuwa shi ne darasin gwangwanin wake.

A 2023 na zo ƙasarku, ɗana ya gama karatun likita a can, na yi wata guda a wani gari a tsibirin Luzon. Maƙwabciyarsa malamar kimiyya ce a wata sakandaren gwamnati. Da ta ji ni ma malama ce sai muka saba, duk da Turancina da nata kowanne da inda ya karkata. Wani dare na shiga wurinta bayan tara. Tana zaune a teburin cin abinci, jaririya a cinya, gabanta tulin takardu, rukuni goma sha ɗaya na ɗalibai kowanne da nasa aikin, za su kare a mako mai zuwa. Na ɗauka ina dubawa. Bakwai daga ciki kusan abu ɗaya ne: ruwan ganyen kaza a matsayin maganin ƙwayar cuta kaza. Wannan ganyen gwaiba, wancan malunggay, wanda da ta nuna mini a bayan gida na yi dariya, ashe zogale ne. Dukkansu kuma sun yi nasara. Babu ganye ɗaya da ya kasa kashe ƙwayar cuta. Na tambaye ta ina farantin da ba a sa masa komai ba, wanda za a kwatanta sauran da shi. Ta yi shiru, sannan ta ce ta san akwai abin da bai yi mata daidai ba a sakamakon, amma ba ta san ta inda za ta kama shi ba, domin ita kanta ba ta taɓa renon ƙwayar cuta a faranti ba. A hoto ta gani.

Ta jawo wata jaka ta nuna mini takardun shaidar tarukan bita da ta halarta, sun fi ashirin, kowace a cikin leda. Na san irinsu, ina da nawa tulin a ƙasan akwati. Kwana uku a ɗakin taro mai sanyi, mai jawabi yana haska rubutu a bango, a ci abinci, a ɗauki hoto, a raba takarda. Wani lokaci ma ba ita ke zuwa ba, mutum ɗaya ake turawa ya dawo ya maimaita wa sauran, abin da malamanku suke kira da sunan amsa-kuwwa. Sunan ya dace. Amsa-kuwwa kuwa kowa ya san ƙarshen magana kaɗai take dawowa da shi. Ban ba da labarinta don a nemi mai laifi ba, mace ce mai ƙoƙari, makarantarsu ma tana iyakar yinta. Na bayar ne don ku ga inda horon ke tsayawa. An koya mata sunayen babi biyar na rahoton bincike da yadda ake jera su. Ba a taɓa barin ta ta yi aiki ya lalace a hannunta ta gano dalili ba.

To ga roƙona, kuma kusan shi kaɗai ne, sauran duk rassansa ne. Duk malamar da za ku kira jagorar bincike, ku ba ta dama ta yi bincike guda nata na kanta, ƙarami, daga tambaya har rubutu, a ƙarƙashin masanin da ke yin aikin kullum. Mako shida ko takwas a lokacin hutu, da alawus, a ɗakin gwaje-gwaje na gaske ko a gona ko a bakin teku. Ta riƙe littafin rubuta awo da biro, ba fensir ba. Ta ga farantinta ya gurɓace ta zubar ta sake. Ta tsaya a gaban mutane su tambaye ta sau nawa ta maimaita. Wuraren kuna da su, abin da mu nan muke kallo da sha'awa. Cibiyar binciken shinkafa ta duniya, IRRI, tana Los Baños tun 1960. PhilRice tana Nueva Ecija. Cibiyar kiwon kifi ta SEAFDEC tana Tigbauan a Iloilo. PHIVOLCS na sa ido kan duwatsu masu aman wuta irin su Mayon da Taal, PAGASA na bin guguwa kusan 20 da ke shigo muku duk shekara. Jami'o'in gwamnati suna kusan kowane lardi. Cibiyar NISMED ta Jami'ar Filifin ta daɗe tana horar da malaman kimiyya, ku ma a DOST kuna da shirin STAR na kai horo yankuna. Gada ce kawai babu tsakanin waɗannan wurare da teburin cin abincin maƙwabciyar ɗana.

Ba sai na koya muku wannan ba, shaidarku tana gida. Dokta Josette Biyo ta yi shekaru tana koyarwa a sakandaren karkara a Iloilo kafin ta koma reshen Yammacin Visayas na makarantar kimiyya ta ƙasa. A 2002 ta ci lambar kamfanin Intel ta gwanintar koyarwa saboda yadda take koyar da bincike, har aka raɗa wa wani dutse da ke kewaya rana sunanta, mai lamba 13241. Daga baya ita ta shugabanci makarantun kimiyyar, ta kuma shugabanci wannan cibiya da nake rubuto wa. Mutane sun fi riƙe labarin dutsen sama. Ni abin da na riƙe shi ne tana da digirin digirgir a bayoloji, wato ta yi binciken da hannunta kafin ta koyar da shi. Haka Dokta Lourdes Cruz, wadda ta yi shekaru tana aiki kan dafin dodon koɗin teku tare da Baldomero Olivera, ta karɓi lambar L'Oréal da UNESCO a 2010. A ɗakin gwajin Olivera a Jami'ar Utah ne wani saurayi da bai daɗe da gama sakandare ba, Michael McIntosh, ya ware sinadarin da ya zama maganin matsanancin ciwo da Amurka ta amince da shi a 2004. Yaro ne, amma an tsayar da shi kusa da mutanen da suka san aikin.

Sai dai makarantun kimiyya na ƙasa rassa 16 ne kacal, da jarrabawa ake shiga, kuma 'yan kaɗan suke ɗauka. Ƙasarku tsibirai 7,641 ce. Yarinyar da ke Samar ko Basilan, wadda makarantarsu ke zama mafakar mutane duk lokacin da guguwa ta taso, malamarta kaɗai ce masaniyar kimiyyar da za ta taɓa zama da ita. Idan aka ci gaba da zaɓar malaman da za a horar daga makarantun da suka saba cin kofi, ƙarin gishiri ne a miyar da ta riga ta ji.

Tun da kun ce mata, to ku tsara horon kamar kun san mata ne. Dokarku ta 2019 ta ba mai haihuwa hutun kwana 105, abin a yaba. Amma daga kwana na 106 jaririn bai daina shan nono ba. Horon da za a ce mace ta bar gida ta hau jirgin ruwa ta kwana goma a wani birni, tun kafin a fara ya tankaɗe masu goyo da masu jinyar iyaye, ya bar 'yan mata da waɗanda suka gama reno. A yankin Bangsamoro, inda yawanci Musulmi ne, na tabbata akwai malamai irina da fita kwana da kwanaki sai an yi shawara a gida, mu nan mun san wannan sarai. Jami'ar Jihar Mindanao tana Marawi tun 1961, a gefen Tafkin Lanao, kuma tafkin nan kaɗai ya ishi malamai da ɗalibai tambayoyi na shekaru. A kai horon kusa, a tanadi ɗakin reno da mai kula da yara a wurin. Kuɗin ma ba sai an je nesa ba: dokar haƙƙin mata ta 2009 ta wajabta wa kowace ma'aikata ware aƙalla kashi 5 cikin 100 na kasafinta don ci gaban mata. Ina ganin biya wa malama kuɗin mota da reno don ta koyi bincike ya fi buga riguna da allunan ranar mata kusa da manufar dokar.

Sai maganar lokaci, wadda in ba a gyara ta ba duk abin da na faɗa ɗaukar Dala ba gammo ne. Dokar malaman gwamnati ta 1966 ta ce kada koyarwa a aji ta wuce awa shida a rana. A Janairun 2024 ma'aikatarku ta ba da umarnin sauke wa malamai ayyukan ofis, na ji daɗin wannan. Amma jagorancin bincike ba ya ƙarewa da ƙararrawa. Yara na zuwa bayan an tashi, suna zuwa ran Asabar, suna turo saƙo da tsakar dare cewa tsiron ya mutu. A rubuta waɗannan awowi a jadawali a matsayin aiki, a rage mata aji ɗaya, a kuma ƙayyade yawan rukunin da mutum ɗaya zai riƙe. Goma sha ɗaya ba jagoranci ba ne, sa hannu ne kawai. Kuɗin kayan aiki ma haka. Alawus ɗin kayan koyarwa da dokar 2024 ta ɗaga daga feso 5,000 zuwa 10,000 na alli da takarda ne, ba zai sayi sinadarai ya biya kuɗin gwaji a ɗakin gwaje-gwaje na waje ba. Malamar da ta fara aiki da albashin feso 27,000 a 2023, idan daga aljihunta za ta riƙa cikawa, kada ku yi mamaki in wata rana ta karɓi takardar koyarwa a Amurka, kamar yadda tawa ta karɓi ta Kano.

Akwai kuma abin da ya ba ni tsoro a daren nan. Wasu daga cikin yaran a gida suka yi renon ƙwayoyin cutar, a ɗakin da ake kwana. Ƙa'idar ISEF ta hana wannan ƙarara, kamar yadda ta gindaya sharuɗɗa kan gwaji da dabbobi da kuma tambayar mutane, har da izinin iyaye in yara ne. Malamar da ta san waɗannan a matsayin fom ɗin da ake cikewa daren gasa, za ta cike. Wadda ta taɓa ganin yadda ake dafa faranti a tukunyar matsi kafin a zubar da shi, ita ce za ta hana tun farko. Don haka kowace malama a haɗa ta da masani guda da za ta iya kira a waya duk shekara, shi ma jami'arsa ta lissafa masa wannan a cikin aikinsa, kada ya zama alfarma.

Game da kofi kuwa, na ga yadda ake rataye tampol a ƙofar makaranta da hotunan waɗanda suka ci gasa, shugaban makaranta a sama da girma, yara a tsakiya, malamar a can ƙasa. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Wannan ma da sauƙi. Abin da ya fi damuna shi ne, muddin da kofi ake auna malama wajen ƙarin girma, to kuna koya mata ta so biyar fiye da bakwai. Za ta karkata ga yara uku masu ƙoƙari ta bar arba'in, za ta gyara musu rubutu har ya zama nata, wani lokaci ma a sayi aikin a waje, mu ma nan ana yi. Ku sa alƙalan gasa su riƙa neman littafin awo kafin allon nuni, su ba da maki ga yaron da ya ce ganyena bai kashe komai ba, ga yadda na tabbatar. Ku kuma auna malamar da yawan yaran da suka kai aikinsu ƙarshe da gaskiya. Na ji kun fara gwajin sabuwar manhajar aji 11 da 12 a 2025, wadda ta rage darussan dole daga 15 zuwa 5. Rage kaya alheri ne. Ina roƙo dai filin da aka samu ya zama na yara su yi aiki ɗaya a tsanake, kada bincike ya koma na makarantun da suke da hali kaɗai.

Kafin in baro Luzon, ni da maƙwabciyar ɗana mun sayi wake a kasuwa, irin ƙananan koraye da kuke kira monggo, muka jera gwangwanaye 15 a barandarta, nesa da bakin rufi. Ta ce za ta fara da kanta kafin ta ba yara. Bayan mako uku ta turo wa ɗana hoton littafinta, da biro, akwai lamba ɗaya da ta kauce ta zagaye ta ta sa alamar tambaya a gefe.

Idan a cikin ma'aikatanku akwai wanda mahaifiyarsa ko gwaggonsa ta koyar da kimiyya a wata makarantar 'yan mata a jihar Kano a farkon shekarun 1980, gajeriya, mai yawo da laima ko ba a ruwa, don Allah a gaishe ta. In tana raye ta haura tamanin yanzu. A ce mata yarinyar gwangwani na uku ce.

Na gode, Allah ya taimake ku.

Taku,
Tsohuwar malamar kimiyya,
Kano, Najeriya.